Na'ura Mai Hango Raunin Ƙoda Bayan Tiyatar Zuciya

Gabatarwa

Duk wanda za a yi wa tiyatar zuciya, shi da danginsa hankalinsu a kan zuciyar yake. Likitoci kuwa, da zarar an ɗinke ƙirji an kai mara lafiya ɗakin kulawa ta musamman, akwai wani abu kuma da suke zuba wa ido dare da rana, watau jakar fitsarin da ke rataye a gefen gadonsa. Dalili shi ne, a cikin kowane mutum 100 da aka yi wa irin wannan aiki, kimanin 20 zuwa 30 sukan sami rauni a ƙoda cikin kwanakin da ke biye. Mafi yawansu raunin yakan zo da sauƙi ya wuce. Amma kamar mutum 1 zuwa 5 cikin ɗarin nan sai an haɗa su da na'urar wankin ƙoda, kuma a cikin waɗanda abin ya kai su ga haka, bincike da dama ya nuna kusan rabi ba su tashi.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu yadda masana ke koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, hango wannan rauni tun kafin ya bayyana, da iyakar abin da za ta iya, da kuma abin da ya rataya a wuyan mara lafiya da danginsa.

1. Aikin ƙoda a jikin ɗan Adam

Ƙoda biyu ne, suna can baya kusa da ƙashin gadon baya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. Duk da ƙanƙantarsu, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa su yake bi. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Waɗannan matatai suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, su mai da kusan dukkansa cikin jiki, sauran lita ɗaya zuwa biyu su fita a matsayin fitsari tare da dattin da jiki ba ya bukata. Ƙoda ce kuma ke daidaita gishiri da ruwa, tana taimakawa wajen riƙe ƙarfin bugun jini, tana kuma aika saƙo ga ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Abin lura a nan shi ne, ƙoda ta dogara kacokan a kan jinin da zuciya ke aiko mata. In jinin ya ragu, ko ƙarfinsa ya faɗi, ita ce kan gaba cikin gaɓoɓin da za su ji jiki.

2. Me ya sa tiyatar zuciya ke taɓa ƙoda?

Galibin manyan ayyukan zuciya ba su yiwuwa sai an tsai da bugunta na ɗan lokaci. A wannan lokaci akan haɗa mara lafiya da wata na'ura mai karɓar aikin zuciya da huhu: ta janye jini, ta sa masa iska mai kyau, ta mai da shi jiki. Likita John Gibbon ne ya fara cin nasarar yin aiki da irin wannan na'ura a birnin Philadelphia na Amurka a shekarar 1953. A Nijeriya kuwa, an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a watan Fabrairu na 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi aikin tare da Magdi Yacoub, likitan zuciya ɗan asalin Masar mai aiki a Ingila.

Wannan na'ura ta ceci rayuka marasa adadi, amma tana da nata nauyi a kan ƙoda. Jinin da take turawa yana tafiya ne shimfiɗe, babu bugu irin na zuciya, kuma sau da yawa ƙarfinsa bai kai na kullum ba. Gogayyar jini da bututun roba takan farfasa wasu jajayen ƙwayoyi, abin da ya fito daga cikinsu kuwa yana cutar da matatan ƙoda. Jiki kuma yakan ɗauki na'urar a matsayin baƙon abu, ya ta da kumburi a cikin jijiyoyi. Ga sanyaya jiki da sake ɗumama shi, ga zubar jini da ƙarin jini, ga wasu magunguna masu ƙarfi. Gwargwadon daɗewar mutum a kan na'urar, gwargwadon ƙaruwar haɗarin.

Haɗarin kuma ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu hawan jini, da masu ƙarancin jini, da waɗanda zuciyarsu ta riga ta yi rauni, da waɗanda ƙodarsu dama ba ta da cikakkiyar lafiya, da kuma waɗanda aka yi wa aikin cikin gaggawa.

3. Matsalar jinkiri

Hanyar da aka saba gane raunin ƙoda ita ce awon wani datti a cikin jini mai suna kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ke kwashewa. In ƙoda ta gaza, sai ya taru. A shekarar 2012 wata ƙungiyar masana ƙoda ta duniya mai suna KDIGO ta tsai da ma'auni guda: za a ce ƙoda ta sami rauni in kiriyatinin ya ƙaru da miligiram 0.3 a kowane desilita cikin sa'a 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake da cikin kwana 7, ko kuma fitsari ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace sa'a har tsawon sa'a 6.

Sai dai kiriyatinin ɗan aike ne mai nawa. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayan ɓarna ta auku kafin ya hau, domin ƙoda tana da rarar ƙarfi mai yawa, sauran matatai sukan rufe giɓin waɗanda suka lalace har na wani lokaci. Ruwan da ake ƙara wa mara lafiya a lokacin tiyata kuma yakan sirka jini, ya sa awon ya fito ƙasa da yadda gaskiyar take. Saboda haka lokacin da takardar awo za ta nuna akwai matsala, sau da yawa an riga an wuce sa'o'in da suka fi dacewa a kare ƙodar. Har yanzu kuwa babu wani magani guda da za a ba mutum ya gyara ƙodar da ta riga ta raunana nan take. Abin da ke hannun likita shi ne rigakafi da tallafi, su kuwa suna bukatar sani da wuri.

4. Hasashe kafin zuwan na'ura

Tun kafin kwamfuta ta shiga wannan fage, likitoci suna da jadawalin ba da maki. Wanda ya fi shahara shi ne na Asibitin Cleveland a Amurka, wanda Likita Thakar da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 bayan nazarin bayanan marasa lafiya fiye da 33,000. Akan ba da maki ga abubuwa kamar gazawar zuciya, ciwon sugan da ke bukatar allurar insulin, ciwon huhu mai daɗewa, tiyatar zuciya ta biyu, aikin gaggawa, da awon kiriyatinin kafin aiki. Jimlar makin tana tsakanin 0 da 17. Mai ƙaramin maki haɗarinsa na kaiwa ga wankin ƙoda bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, mai babban maki kuwa nasa ya haura kashi 20.

Wannan jadawali yana da amfani, har yau ana aiki da shi. Iyakarsa ita ce, ana lissafa shi sau ɗaya ne kafin a shiga ɗakin tiyata. Ba ya ganin abin da ya faru a kan teburin aiki, ba ya ganin daren farko bayan aiki, alhali a nan ne mafi yawan ɓarnar ke aukuwa.

5. Yadda ake koya wa na'ura

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira a wannan fage ba wani sihiri ba ne, lissafi ne a kan tarin bayanai. Akan tattara tarihin dubban marasa lafiyar da aka riga aka yi wa aiki: shekarunsu, cututtukansu, awon jininsu, minti nawa suka yi a kan na'urar zuciya da huhu, ledar jini nawa aka ƙara musu, yadda ƙarfin jininsu ya yi ta hawa da sauka, da yawan fitsarinsu. A gaban kowane suna kuma a rubuta sakamako, watau ko ƙodarsa ta sami rauni ko ba ta samu ba.

Sa'an nan a raba bayanan gida biyu. Kashi na farko a ba na'ura ta yi ta bita, tana gwada hasashe, tana duba amsa, tana gyara lissafinta, har ta gano waɗanne alamu ne in sun haɗu sukan kai ga rauni. Kashi na biyu kuwa a ɓoye shi, sai ta gama koyo a jarraba ta da shi, kamar yadda malami ba ya nuna wa ɗalibi tambayoyin jarrabawa kafin ranar zama. Fifikon na'ura a kan jadawalin maki shi ne tana iya riƙe abubuwa da dama a lokaci guda, tana kuma gane cewa abu biyu da kowannensu shi kaɗai ba kome ba ne, in sun haɗu a jikin mutum ɗaya suna da haɗari.

Ga yadda ake auna gwanintarta. A ɗauko marasa lafiya biyu, ɗaya ƙodarsa ta sami rauni, ɗaya ba ta samu ba, a ce na'ura ta nuna wanda ya fi haɗari ba tare da ta san sakamakon ba. A maimaita sau 100. Mai canki kawai zai dace sau 50. Wanda ba ya kuskure zai dace sau 100. Mai karatu ya riƙe wannan ma'auni, domin da shi za a fahimci abin da ke tafe.

6. Abin da bincike ya nuna

A 2018 masu bincike a Asibitin Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu sun gwada hanyoyi da dama a kan bayanan marasa lafiya 2,010. Hanyar koyon na'ura da ta fi kyau ta dace kimanin sau 78 cikin 100, tsohuwar hanyar lissafi kuwa sau 69.

A 2020 wani rukuni a Taiwan ya yi nazarin marasa lafiya 671, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka sami raunin ƙoda. Na'urarsu ta dace kimanin sau 84 cikin 100. Abin sha'awa shi ne abubuwan da ta fi dogara da su: yawan fitsarin da mutum ya yi a lokacin tiyata, yawan jinin da aka ƙara masa, da ƙarfin jininsa kafin aiki, watau awon hemogulobin. Biyu daga cikin ukun nan jadawalin da ake cikawa kafin aiki ba shi da halin saninsu.

A cikin shekarar 2020 ɗin kuma, Cibiyar Zuciya ta Jamus da ke Berlin ta wallafa aikin da ta gina a kan bayanan kwanciyar asibiti fiye da 15,000. Tata na'urar tana bin mara lafiya ne a kai a kai cikin kwanakin farko bayan aiki, duk sabon awon da ya shigo ta sabunta hasashenta. Da aka gwada ta da ƙwararrun likitoci a kan bayanan mutum 350, ta dace kimanin sau 90 cikin 100, likitocin kuwa kusan sau 75.

Akwai kuma babban aikin da kamfanin DeepMind ya wallafa a 2019, wanda ya shafi marasa lafiya iri-iri fiye da 700,000 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Na'urar ta hango kusan kashi 56 cikin ɗari na raunin ƙoda har sa'a 48 kafin ya bayyana, da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka kai ga wankin ƙoda. Amma a duk gargaɗi ɗaya na gaskiya, ta yi biyu da ba su tabbata ba.

7. Gargaɗi kaɗai ba ya warkarwa

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, amma sai in an yi aiki da abin da kunnen ya ji. Gwaje-gwaje biyu sun isa misali.

A 2021 an wallafa sakamakon wani gwaji a asibitoci shida na rukunin asibitocin Yale a Amurka, mai marasa lafiya kimanin 6,000. Rabinsu an sa kwamfuta ta riƙa sanar da likita cewa awo ya nuna raunin ƙoda, rabi kuwa ba a sa ba. A ƙarshe sanarwar ba ta rage mutuwa ko wankin ƙoda ko tsanantar ciwon ba. Sanarwa ce da ke zuwa bayan rauni ya riga ya auku, kuma ba a ɗaure ta da wani tsayayyen mataki da lalle sai an ɗauka ba.

A birnin Münster na Jamus kuwa, a 2017, an yi amfani da wani gwajin fitsari aka ware mutum 276 masu babban haɗari bayan tiyatar zuciya. Rabinsu aka bi musu wasu matakai daki-daki: daidaita ruwan jiki da ƙarfin bugun jini da sa ido sosai, kauce wa magungunan da ke cutar da ƙoda, dakatar da wasu magungunan hawan jini na kwana biyu, hana suga hawa, da bin awon fitsari da kiriyatinin kusa-kusa. A cikin waɗanda aka bi wa matakan, kashi 55 cikin ɗari ne suka sami rauni, sauran kuwa kusan kashi 72. Wannan gwaji ba da kwamfuta aka zaɓi mutanensa ba, amma darasinsa ya shafe ta kai tsaye: amfanin hasashe yana fitowa ne in an gano mai haɗari da wuri, kuma akwai abin da aka shirya yi masa nan take.

Hanyoyin kariya ma suna ƙaruwa. A 2024 wani gwaji na ƙasashe da dama mai mutum fiye da 3,500, wanda likitocin Italiya suka jagoranta, ya nuna cewa ƙarin ruwan sinadaran gina jiki da ake kira amino asid ta jijiya ya rage raunin ƙoda daga kusan kashi 32 zuwa kashi 27 cikin ɗari.

8. Iyakokin na'ura, da abin da ya shafe mu

Na'ura ba ta sanin kome sai abin da aka koya mata. A cikin bayanan aikin DeepMind, mata ba su wuce kashi 6 da ɗoriya cikin ɗari ba, saboda haka hasashenta a kan mata bai kai nata a kan maza ba. Haka nan na'urar da ta yi fice a asibitin da aka gina ta takan ragu in aka kai ta wani asibiti mai mutane dabam da tsarin aiki dabam.

Wannan batu yana da muhimmanci ga Nijeriya. A Turai da Amurka, galibin masu tiyatar zuciya dattawa ne da jijiyoyin zuciyarsu suka toshe. A ƙasar nan kuwa da yawa daga cikinsu yara ne da aka haifa da lahani a zuciya, da matasan da ƙofofin zuciyarsu suka lalace sakamakon ciwon maƙogwaro da ba a yi masa magani da kyau ba tun suna ƙanana. Na'urar da ta yi karatu a kan dattawan Berlin ba za a ɗauka ta san matashin Kano ko Aba ba, sai an jarraba ta a kan bayanan marasa lafiyarmu. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai asibitoci suna rubuta bayanai cikakku, suna adana su, suna da wuta tsayayya da ɗakin awon da ke ba da sakamako cikin lokaci. A ƙasar da wankin ƙoda ke da tsada ƙwarai, cibiyoyinsa kuma galibi a manyan birane suke, duk mutum ɗaya da aka kare daga kaiwa gare shi riba ce babba ga iyalinsa.

Yawan gargaɗin da bai tabbata ba kuma yana da illa, domin ma'aikacin da ƙararrawa ta dame shi a banza sau goma zai iya yin biris da ta sha ɗaya. Sa'an nan ga batun sirri. Bayanan lafiyar mutum amana ne, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 kuwa ta sa su cikin bayanan da ke bukatar kariya ta musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a cikin jagoran da ta fitar a 2021, ta jaddada cewa hukunci a kan lafiyar mutum ya kamata ya ci gaba da zama a hannun mutane. Na'ura tana ba da ƙiyasi, likita ne ke duba mara lafiya ya yanke shawara, shi ne kuma ke ɗaukar alhaki.

9. Abin da ya rataya a wuyan mara lafiya da danginsa

Hasashen likita da na na'ura duka a kan abin da aka faɗa aka rubuta suke tsayawa. Don haka:

(a) A gaya wa likita dukan cututtukan da ake da su, musamman ciwon suga, hawan jini, da duk wata matsalar fitsari ko kumburin ƙafa da aka taɓa yi.

(b) A kawo dukan magungunan da ake sha a nuna, har da jiƙo da tsimi da garin gargajiya. Ɓoye su ba ya amfanar kowa.

(c) A guji shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba da izinin likita ba, kafin aiki da bayansa, domin suna rage jinin da ke zuwa ƙoda.

(d) A adana tsofaffin takardun awon jini. Sai an san yadda kiriyatinin ɗin mutum yake a da, sa'an nan za a gane ko ya hau.

(e) A tambayi likita: mene ne haɗarin ƙodata a wannan aiki, wane shiri kuma aka yi don kare ta? Tambaya ce ta hakki, ba raini ba ce.

(f) Mai jinya kada ya zubar da fitsarin da ake aunawa, kada kuma ya ba mara lafiya abin sha ko magani daga waje sai ma'aikatan jinya sun sani.

(g) Wanda ƙodarsa ta sami rauni, ko da an ce ya warke, ya koma a sake auna shi bayan kamar wata uku, domin irin wannan rauni yana ƙara haɗarin ciwon ƙoda mai daɗewa. In fitsari ya ragu, ko fuska da ƙafa suka kumbura, ko amai da kasala suka yi yawa, a garzaya asibiti.

(h) Iyaye su kai yaro asibiti in yana fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, su kuma tabbata ya shanye maganin da aka ba shi. Wannan ƙaramin mataki yana hana lalacewar ƙofofin zuciya da ke kai matasa ga teburin tiyata.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa raguwar jinin da zuciya ke turawa ke saurin taɓa ƙoda?
2. Ambaci dalilai biyu da ke sa awon kiriyatinin ya makara.
3. Don me ake ɓoye wa na'ura wani kashi na bayanai sai ta gama koyo?
4. Mene ne bambancin gwajin Yale da na Münster, me kuma ya sa sakamakonsu ya bambanta?
5. Me ya kamata a yi kafin a dogara da na'urar da aka gina a wata ƙasa a asibitocinmu?

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, musamman in akwai mai shirin tiyata a gidansu ko a maƙwabta.